Ƙaramar waya ko babba? Ga yadda zaka auna su kafin ka zuba kuɗinka a PZ

Duk wanda ya taɓa shiga PZ, inda ake sayar da wayoyi a Zariya, da niyyar sayen waya ya san yadda ake yi, tun baka gama ajiye mashin ba yara sun zagaye ka, wannan yace kamararta 50 ce, wancan yace ram ɗinta takwas ne, kai kuma abinda ya kawo ka bai wuce wayar da zaka kira gida ka ga alat in an turo maka kuɗi ba. Toh abinda nake so mu yi anan shine mu ajiye babbar waya mai shafawa da ƙaramar waya mai botin gefe da gefe, mu auna su da aikin da mutum yake yi daga asuba zuwa dare, ba da lambobin da aka rubuta a bayan kwali ba. Ni a nawa ganin akwai mutane da yawa a Zariya da suke riƙe da babbar waya alhali ƙarama ce daidai da su, akwai kuma waɗanda suke ta fama da ƙarama bayan sana'arsu ta riga ta fi ƙarfinta.

Kafin nan ɗan tuni kaɗan, saboda yaran yanzu sun ɗauka haka aka faro. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, Econet da MTN ne suka fara, Glo ta zo a 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa. Wayoyin lokacin su ne irin su Nokia 3310 da ta fito a 2000, sai Nokia 1100 mai tocila ta 2003. Daga baya aka shiga zamanin wayoyin Java da Opera Mini da 2go, aka yi yayin BlackBerry, aka yi na 'yan Chaina masu layi biyu da sifika mai tada unguwa. iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko a 2008, amma mu nan bata zama ta kowa da kowa ba sai da Tecno da itel da Infinix suka sauko da farashi, kuma dukansu ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Chaina. Shikenan tarihi, mu koma kan aiki.

Fara da takarda da biro

Ka zauna ka rubuta duk abinda kake yi da waya a yini, gaskiya tsakaninka da Allah, ba abinda kake burin yi ba. Kira, tes, jin rediyo, haska ɗaki da tocila, duba balas, tura kuɗi, duk waɗannan ƙaramar waya tana yinsu, wasu ma ta fi babba iyawa. Hatta ɗalibin da zai nemi lambar furofayil ta JAMB tes ne zai tura zuwa 55019 ko 66019, baya buƙatar intanet. In kuma lissafinka ya ƙunshi tura hoton kaya ga kwastoma, karɓar saƙon murya, kiran bidiyo da ɗan'uwa a Saudiyya, shiga guruf ɗin aji a ABU ko Nuhu Bamalli inda malami ke jefa takardun karatu, neman hanya a taswira, to nan babu ja, babbar waya ce. Telan da ke Tudun Wada wanda mata ke turo masa sitayil ta WhatsApp bashi da zaɓi. Amma dattijon da ke sayar da hatsi wanda duk cinikinsa da baki ne, me zaka ɗora masa?

In ka gama ka ja layi ƙarƙashin abubuwa uku da in wayar ta kasa yinsu ranar ta ɓaci. Da su zaka auna duk sauran.

Batir da wuta

Anan ne ƙaramar waya take cin babba ba tare da gardama ba. Batirin Nokia ɗin nan BL-5C da kowa ya sani ƙarfinsa wajen 1000 mAh ne kawai (mAh shine ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), amma sai ya kai ka kwanaki. Babbar waya ta yanzu yawanci 5000 mAh ce, ninki biyar kenan, amma in kana danne-danne da ƙyar take kai ka dare. Dalilin ba wani ɓoyayye bane, hasken babban sikirin shine babban mai shan caji, sai data, sai manhajojin da suke aiki a bayan fage ko ka ajiye wayar a aljihu. Saboda haka kar ka kwatanta lamba da lamba, ka tambayi kanka sau nawa wuta take zuwa layinku kuma tana daɗewa ko ɗan leƙowa take yi ta koma.

In irin unguwar da wuta ke zuwa awa ɗaya ta ɗauke ce, abinda zaka duba a babbar waya shine saurin caji. Caja mai 10W da mai 18W da mai 33W ba ɗaya bane, kuma sai wayar da kanta tana karɓar saurin, in bata karɓa ko ka sayo babban kai aikin banza ne. Sannan ka saka kuɗin fawa bank a lissafi tun farko, kuma ka sani mai 10,000 mAh bazai cika maka waya mai 5000 sau biyu ba, sau ɗaya ne da ɗan wani abu, saboda wani kaso yana tafiya a zafi wajen juya wutar. Ƙaramar waya kuwa batirinta ana cirewa, ka sayi na biyu ka kai shagon caji a maƙala shi a desktof, wato cajar da ake ɗora batir shi kaɗai, wayar tana hannunka. Babbar waya batirin a liƙe yake a ciki, in ya kumbura, wanda zafin watan Maris da Afrilu yana taimakawa wajen haka musamman in kana barinta a rana ko ƙarƙashin filo tana caji, sai mai gyara ya buɗe ta.

Gilashi da botin

Wannan ne wajen da mutane basu cika tunani a kai ba kuma shine yake fi kawo nadama. Wayoyin shafa na farko, irin Nokia 5800, dannawa ake yi, shi yasa suke zuwa da ɗan tsinke, ko da farce ka taɓa sai su amsa. Na yanzu ba nauyin yatsa suke ji ba, 'yar wutar da ke jikin fatar mutum suke ji. Ma'ana in hannunka da ruwa sikirin zai riƙa shirme, in ka sa safar hannu bazai ji ka ba sam, in kuma fatar yatsan ta bushe ƙwarai ko tayi kanta sai ka taɓa sau uku kafin ya amsa. Yanzu ka duba su waye wannan ya shafa: ɗan acaɓa da ya fito da asuba cikin hunturu da safa a hannu, mai wankin mota, uwargida da hannunta ke cikin ƙullu, bakanike da baƙin mai, manomin da fartanya ta cinye masa tafin hannu. Duk waɗannan botin ya fi musu sauƙi, kuma botin ana danna shi ba tare da an kalla ba. Ka shafa lamba 5 a ƙaramar waya zaka ji ɗan tudu a kanta ko kusa da ita, an yi shi ne don yatsa ya gane tsakiya, makafi da shi suke lalubo sauran lambobin.

Na ga wannan da idona a gidan wani maƙwabcinmu, 'ya'yan suka haɗa kuɗi suka sayo wa tsohonsu babbar waya don ya riƙa ganin jikokinsa a bidiyo. Kira ya shigo, yana ta danna koren da ƙarfi kamar yadda ya saba, wayar kuma so take a ja. Ƙaramar 'yar tana cewa "Baba ja zaku yi, ku ja shi sama", shi kuma yana cewa "toh ai ina ja, ita ce bata ji", har kiran ya katse. Da yamma ya sa aka ciro masa tsohuwar daga durowa aka ɗaure ta da kyauro aka mayar da layin. Babbar yanzu tana wajen Hajiya, sai in za'a yi kiran bidiyo ake kawo masa.

In dole sai dattijo ya riƙe babba, akwai gyare-gyaren da zaka yi masa tun ranar farko. Ka shiga setin ka ƙara girman rubutu har ƙarshe. Ka kwashe duk tarkacen da ke fuskar wayar ka bar kira da WhatsApp da tocila, ka fito da lambobin mutum huɗu ko biyar da ya fi kira a fuskar da hotunansu yadda taɓawa ɗaya zata kira. A wayoyin Samsung akwai inda ake saita botin ƙara murya ya zama shine na ɗaga kira, kuma yawancin Android suna da zaɓin kashe kira da botin kunnawa, yana cikin sashen Accessibility. A ƙaramar waya kuma kwatankwacin wannan shine kiran sauri, wato speed dial, ka ɗora babban ɗa a lamba 2, 'yar da ke aure a Kaduna a lamba 3, ya danne ya riƙe kawai.

Sai batun faɗuwa. Ƙaramar waya ta faɗi ta tarwatse gida uku, ka tsince murfi da batir ka haɗa ta tashi. Babba ta faɗi ta fuska a kan kwalta, kuɗin canjin sikirin kaɗai yakan sayi ƙaramar waya sabuwa har da canji, in mai irin sikirin da ake kira AMOLED ce ma abin ya fi haka. Don haka tun a shago ka tambayi nawa ne sikirin ɗin wannan samfurin kuma ana samunsa a Zariya ko sai an aika Kano, kuma kar ka fita daga shagon sai da gilashin kariya da kwandon roba.

Kuɗi da tsaro

Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 kowa ya koyi tiransifa, har mai shayi. Mutane da yawa sun ɗauka sai da babbar waya, ba haka bane. Lambobin banki suna aiki a kowace waya ba tare da data ba: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith, *901# na Access. Ana cajin N6.98 a kowane shiga, kuma wani lokacin yana yankewa a tsakiya. Manhajar banki a babbar waya ta fi daɗin aiki, tana nuna maka sunan mai asusu ɓaro-ɓaro, tana baka rasit da zaka tura wa mutum, kuma in kai ɗan kasuwa ne tana baka damar duba cewa kuɗin sun shigo da gaske, kar ka dogara da tes kaɗai don ana tura alat na bogi.

Amma ga inda nake so ka tsaya ka karanta sau biyu. Ɓarawon waya yanzu ba wayar kaɗai yake so ba, layin yake so, saboda layin ne ke haɗe da asusunka. Ka sa wa babbar waya zanen yatsa da fasawod duk a banza in zai iya zare sim ya saka a wata wayar. Maganin shine ka kulle sim ɗin kansa da PIN. A ƙarama yana cikin setin na tsaro, a babba ka nemi SIM lock. Zai tambaye ka PIN na asali, in baka sani ba kar ka yi ta cinka, kuskure uku layin zai rufe ya nemi PUK, wanda ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, in ka yi kuskuren PUK sau goma kuma layin ya mutu sai ka je ofis. Gara ka kira 300, lambar kula da kwastoma ta kamfanin layin, ko ka je ofishinsu ka tambaya.

Shawarar da nake ba duk wanda yake da hali ita ce ya raba: layin banki a ƙaramar waya mai PIN, tana can cikin aljihun ciki ko a gida, layin data a babba. Manhajar bankin zata ci gaba da aiki a babbar, in an turo lambar tabbatarwa ka karanta daga ƙaramar. Mai ƙwace a cikin Keke ko a cunkoson Kwangila abinda ya gani a hannunka yake fizga. In kuma ƙaddara ta faɗa, banki zaka fara sanarwa su rufe asusun, sannan ka je da lambar NIN ayi maka welkom bak, wato a baka sabon sim mai lambarka.

Wani abu da ƙaramar waya ta huta da shi, babu mai turo mata link ace ka danna ka ci tallafi, babu manhajar bashi da zata kwashe lambobin mutanenka ta riƙa tura musu saƙon cin mutunci. A babba kai ne mai gadi, duk manhajar da ta nemi izinin shiga lambobinka ko saƙonninka ba tare da dalili ba ka hana ta.

Sabis da data

Yawancin ƙananan wayoyi 2G ne, ya isa kira da tes. Masu zuwa ƙauyukan wajen Giwa ko Soba zasu ce maka ƙarama ta fi riƙe sabis, kuma akwai ƙamshin gaskiya, babbar waya tana ɓata lokaci da caji wajen farautar 4G da babu shi a wurin. In ka shiga irin wajen ka je setin na netwok ka mayar da ita 2G da hannunka, ka dawo gari ka mayar. 5G kuwa MTN ta fara shi a Najeriya a 2022, amma kar ka ƙara kuɗi saboda shi sai ka tabbatar akwai shi inda kake zama.

Kuɗin riƙo shine abinda mai shago bazai faɗa maka ba. Ƙaramar waya kati kawai take ci. Babba kullum tana neman data, kuma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashin kira da data. In ka saya, ranar farko ka shiga WhatsApp ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, ka hana Play Store sabunta manhajoji sai da Wi-Fi, ka kunna Data Saver. Lambobin duba abubuwa yanzu iri ɗaya ne a duk layuka, *310# balas, *323# ragowar data, *312# sayen data.

Rubutu kuma, wanda ya saba danna 7 sau huɗu kafin ya samu harafin s zai ji daɗin babbar waya, Gboard tana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ, akwai kibod na Larabci ga mai son ajami. Sai dai ka sani tes na yau da kullum haruffa 160 ne shafi ɗaya, da zarar ka saka harafi mai lanƙwasa ko ɗaya ne sai ya koma 70, a caje ka kuɗin shafi biyu ko uku. Babban abinda babbar waya ta kawo wa mutanenmu a ganina ma ba rubutun bane, saƙon murya ne, wadda bata yi boko ba ta danne ta faɗi abinda ke ranta ta saki. Rediyo kuma ƙananan da yawa suna kamawa ba tare da iyafis ba, babba sai ka soka iyafis don shine eriyarta, wasu masu tsadar ma babu rediyon gaba ɗaya, mai jin labaran safe ya duba wannan kafin ya biya.

A cikin shago

Ko wacce ka zaɓa, danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka haɗa ta da wadda ke jikin kwali, kuma a rubuta ta a rasit. In ta hannu ce kuma babu rasit babu kwali, mai sayarwa yana sauri, ka haƙura, araha bata ado, wayar sata har gida take kawo 'yan sanda.

In ƙarama ce, danna kowane botin ɗaya bayan ɗaya, saka layinka ka kira wani ka ji sifika da makirfo, kunna tocila, buɗe baya ka ga batirin bai kumbura ba.

In babba ce aikin ya fi yawa. Ka danne wata alama a fuskar wayar ka ja ta lungu-lungu, sama da ƙasa da gefuna, in ta kuɓuce a wani waje to wajen ya mutu. Ka fita da ita rana ka ga ko kana iya karanta rubutu. Ka soka caja ka ɗan girgiza wayar ka ga ko cajin yana yankewa, ƙurar hunturu tana cika ramin, wani lokacin tsinken sakace kawai yake buƙata a hankali, wani lokacin kuma ramin ne ya lalace. Batun ram, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, in kaga an rubuta 4+4 to huɗu ne na gaskiya, sauran aro ne daga ma'ajiya kuma baya sauri kamar na asali. Mai ram 2 zata yi kira da WhatsApp amma zata riƙa sandarewa in ka tara mata kaya. Ma'ajiya kar ka sauka ƙasa da 64GB in kana cikin guruf-guruf. Tsohuwar Android da ke ƙasa da 5.0 WhatsApp baya hawa kanta, kar a lallaɓa maka ita. In ta hannu ce, mai ita ya cire akawun ɗinsa na Google ko iCloud a gabanka, ayi mata rizet a kunna ta ka gani, in ba haka ba zata kulle ta nemi fasawod ɗinsa.

Kwashe lambobi

In kana tashi daga ƙarama zuwa babba, duba ko lambobin a kan sim suke ko a cikin waya. Sim yawanci baya ɗaukar fiye da 250, don haka in sun fi haka sai ka kwashe su kashi-kashi, ko ka tura ta Bluetooth in wayar tana da shi. Tsohon babban sim bazai shiga ramin nano ba, in katin mai ɓallewa ne ka ɓalle, in ba haka ba gara a canja maka a ofis da a yanka da almakashi. Da sun shiga babbar ka mayar da su kan akawun ɗin Google yadda ko wayar ta ɓata lambobin suna nan. Kuma dan Allah akawun ɗin a buɗe shi da lambar wayarka kai, ba ta yaron shago ba, ka rubuta imel ɗin da fasawod a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. Tsohuwar ƙaramar kuma kar ka bayar, ka cire batirin ka ajiye su tare, ka riƙa yi masa caji lokaci-lokaci don kar ya mutu a kwance.